Fuskar Mama a bangon jami'a

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma na gaji da ganin fuskar Mama a bango.

Ita ce shugabar sashen kimiyya a wata jami'a a nan Doha, kuma ita kaɗai ce baƙar fata a cikin shugabannin. Hotonta yana bakin ƙofa, yana kalanda, har cikin lifta tana murmushi.

Ranar Alhamis na raka ta ofis. Muna zaune sai ga wani babban jami'i da mai ɗaukar hoto a bayansa.

"Dakta, yalla, yi sauri ki gyara ɗaurin kan nan mai launi. Baƙi suna son ganin muna da kowane irin mutum."

Mama ta ce, "To, zaman da za a yi kan ɗakin gwajin ɗalibaina fa?"

"An yi jiya, khalas, an gama. An ba wani sashe ɗakin. Ba mu so mu wahalar da ke ba."

Ikon Allah, hawa bene zuwa taro wahala ne, amma tsayuwa a rana don hoto hutu ne.

Mama ta gyara ɗaurin, ta fita aka ɗauke ta hoton, sannan muka dawo gida unguwar Ain Khaled.

Ni ma a makarantarmu kullum ni ake jawowa layin gaba ranar hoto, alhali ba a taɓa sa ni a muhawara ba. Takardar izinin hoton bana tana jakata, kuma ba zan kai wa Mama ta sa hannu ba.

Ku fa, an taɓa yin ado da ku?