Shatu da Kifin Tabkin Bayan Gida

A wani ƙauye kusa da Matankari aka haifi Shatu, nan ta yi aure, nan mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Abdussalamu. Da sayar da daddawar batso, ta 'ya'yan yakuwa, ta raine shi, har ya girma ya buɗe shagon yadi a Dogon Dutsi. Mace ce mai saurin tsorata. Ko akuyarta ce ta yi tari, ranar ba ta cin abincin kirki.

Bayan gidanta akwai wani tabki da ke ƙafewa da rani har ƙasarsa ta tsattsage. Amma da ruwa ya zauna, sai ga 'yan kifi da ba su kai yatsa ba, wasu da ɗigon ja a jiki. Babu kogin da ke kawo su. Don haka tsofaffi suka ce na doguwa ne, aljanar tabkin, ba a cin su. Shatu tana salla tana azumi, amma ko wanki ta je wurin, sai ta yi sallama.

Wata damina Abdussalamu ya zo noma tare da matarsa Ummu. Ranar kasuwa Shatu ta dawo da la'asar, tun daga ƙofa ta ji ƙamshin suya.

"Ina kuka samo kifi?" ta tambaya.

"A tabkin bayan gida, Inna," in ji Abdussalamu yana tsotsar yatsa. "Da tsohon gidan sauro na kwaso su."

Ƙwaryar da ke kanta ta kusa suɓucewa. "Ka ci?"

"Na ci. Halittar Allah ce, Inna. Ƙwansu ke kwanciya cikin laka har ruwa ya dawo. Babu wata doguwa."

"Kar ka ƙara kiran sunan nan cikin gidana!"

Tun daga ranar idonta ke kansa. In ya yi hamma, sai gabanta ya faɗi. In ya jima a gona, sai ta tsaya bakin danga tana leƙe. Ba a daɗe ba kuwa, wata safiya ya kasa tashi. Jikinsa zafi rau, haƙora na kaɗawa, yana sambatu.

Wata maƙwabciya ta ja ta gefe ta ce a kai nono bakin tabki a ba da haƙuri. Shatu ta ɗauko ƙoƙo, ta zuba nonon. Ta san in ɗanta ya ji, zai daɗe bai yafe mata ba. In kuma ba ta kai ba ya mutu, me za ta gaya wa kanta? Tana tsaye da ƙoƙon Ummu ta fito.

"Inna, don Allah mu kai shi likita. Na kira mai babur."

Shatu ta ajiye nonon, ta ɗaure ɗanta da zane a bayan mai babur, ita da Ummu suka bi su a amalanke. Duk hanya bakinta bai huta da addu'a ba. A asibiti aka ɗiba jininsa, malamar asibitin ta ce palu ne, zazzaɓin sauro, aka sa masa ƙarin ruwa.

Da ya warware zai koma birni, ya durƙusa gabanta.

"Inna, ba zan ƙara kama su ba. Ba tsoro nake ba. Ramar da kika yi ce ba na so."

Ta ce Allah ya yi masa albarka. Amma har aka yanke gero, kowace safiya sai ta ari wayar maƙwabta ta kira shi. In ya ɗauka, ba ta cewa komai sai ta fara sauraron numfashinsa.