Kwaltar da Inna Ta Jira

Shekarar da aka kafa Jihar Jigawa aka mayar da ni koyarwa a Gwaram, na bar mahaifiyata a Birnin Kudu. Inna tana fama da ciwon baya, ba ta iya jure gargadar hanya, don haka ba ta taɓa ganin gidana ba. Da aka fara aikin titi, duk sanda na je gaishe ta sai ta tambaye ni, "Ina suka kai?"

Nakan ce, "Inna, har yanzu suna fasa duwatsun nan."

Sai ta ce, "Su yi sauri mana, ni fa ba yarinya ba ce."

Sai da suka yi damina biyu a kan dutsen. Da aka shimfiɗa kwalta na ɗauko ta, direba ya ba ta gidan gaba. A inda aka tsaga dutsen ta sa ya tsaya, ta sauka ta shafa shi, tana yi wa ma'aikatan addu'a. Kwana tara ta yi mana, kullum tana kushe miyar matata tana neman ƙari. Kafin kaka Allah ya yi mata rasuwa. Har yau ina kewar kwanakin nan tara.