Takardar da Baba ya rufe da leda

A gidanmu na unguwar Ranuna a Madina takarda ba ta kwana biyu tsirara. Duk wadda ta shigo, in dai da hatimi a jikinta, washegari Baba zai kai ta shagon da ke bakin layinmu a rufe ta da leda mai tauri, irin wadda inji ke dannawa da zafi ta manne gaba da baya. A Madina taglif ake ce wa wannan aikin. Katin rigakafinmu ya sha taglif, takardun haihuwa sun sha, har takardar yabon da aka ba ni ranar da na haddace izu biyar ba ta tsira ba. Umma kan tsokane shi ta ce saura mu ya kwashe ya kai a manne.

Ban taɓa ganin laifinsa ba. Baba tela ne, daga Chadi ya zo tun yana saurayi, kuma duk wanda ya daɗe a ƙasar da ba tasa ba ya san da takarda yake tsayuwa. Ya sha ba mu labarin wata takarda da gumi ya cinye a aljihunsa, da watannin da ya yi yana zarya kafin a ba shi wata. Saboda haka ranar da na kawo shahadar gama sakandare, ya wanke hannu ya karɓa, ya duba ta sama da ƙasa duk da ba ya karanta rabin abin da ke ciki, gari na wayewa kuma ta tafi shago. Da ta dawo tana ƙyalli, ni ma har murna na yi.

'Yar baƙo ba ta cika samun gurbi a jami'a nan kusa ba, sai na shiga neman na waje. Na samu wata jami'a da ke haɗa darasi biyu a digiri ɗaya: adabin Turanci da kula da muhalli. Da na gani sai da na sake karantawa, don kamar ni aka auna aka ɗinka wa. Littattafan labari na Turanci na fara so tun ina aji uku. Muhalli kuwa a garin Khaibar na same shi, a gonar dabinon da kawuna ke wa aiki, inda kowace shekara yake cewa ruwan rijiya ya ƙara nisa, ni kuma ina son sanin dalili.

Sharuɗɗansu na rubuta a takarda na liƙa a ƙofar kwaba. Suna son sakamako mai kyau a Turanci, da labarin ƙasa, da darasin kimiyya guda ɗaya. Suna son jarrabawar gwajin harshe, da ɗan rubutu na bayyana abin da ya sa nake son darasi biyun tare. Jarrabawar nan sau biyu na zauna ta, a karon farko bakina ya mutu da aka zo wajen magana. Rubutun kuwa na yage ya fi sau goma. Duk lokacin da na cika sharaɗi ɗaya sai in soke shi da jan biro, amma hankalina bai taɓa kwanciya ba, kullum gani nake akwai abin da na manta. Sharaɗi na ƙarshe shi ne a kai ainihin shahada ofishin tabbatar da takardu a buga mata hatimi a baya. Shi na raina, na bar shi sai da ya rage kwana tara a rufe karɓa.

Tare muka je da Baba, ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a. Ma'aikacin da ke bayan taga ya karɓi shahadar, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa ta da farce. Ƙarar nan har yau tana kunnena.

"Wannan an rufe ta," ya ce da Larabci. "Hatimi ba ya zama a kan leda, kuma ba ma tabbatar da abin da ba mu taɓa da hannu ba."

Baba ya matso. "Ya akhi, ɗan'uwana, don kada ta lalace na yi. Asali ce wallahi, duba."

Mutumin bai yi mana tsawa ba. Ya ce mu nemi madadi a inda aka bayar da ita, amma abin yakan ɗauki makonni. A mota haushi ya cika ni, na san in na buɗe baki zan faɗi abin da zan yi nadama. Mun kusa unguwar Ƙuba Baba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Uwata, zafi ne ya manne ta, zafi zai buɗe ta." Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Umma ta ce a bari. "Malam, khalas, ya isa haka, a nemi madadin, kada a yi biyu babu." Ni kuwa kwana tara kawai nake gani, na ce ya gwada. Wannan kalmar daga bakina ta fito, ba zan ɗora wa kowa ba.

Kwana biyu ya rufe shagon ɗinkinsa yana koyo. Mutum ne da ya san zafin da alharini ke ɗauka da wanda auduga ke so. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a teburin guga, ya yanke bakin ledar da reza, ya ɗora dutsen guga a hankali, yana ɗagawa da bakin allura. Katin rigakafina ya fito lafiya. Takardar hadda ta fito, gefe ɗaya kawai ya ɗan kwaile. A rana ta uku bayan la'asar ya yi bisimilla ya ɗauko shahadar.

Bayanta ya buɗe salin alin, har Umma ta yi hamdala. Da ma a nan muka tsaya. Amma mutumin ya ce ba sa karɓar abin da aka rufe, sai Baba ya juya gaba. Ina tsaye a kansa. Ledar ta fara tashi, kusurwa ɗaya, sannan faɗin yatsa biyu. Sai na ga abin da ke tashi tare da ita. Tawada ce. Sunana ya bar takardar ya bi leda, da rabin layin darussa, har da sakamakon Turancin da na fi alfahari da shi. Baba ya tsaya da allura a hannu. Ya yi ƙoƙarin mayar da ledar ya danna, kamar rubutun zai koma inda ya fito, bai koma ba.

Ya zare wayar dutsen guga, ya zauna a kan kujerar keken ɗinki.

"Uwata, na cinye miki shekara," ya ce.

Na so in ce masa ba komai, amma kuka ya riga ni. Tausayinsa ya fi tausayin kaina yawa, kuma duk da haka haushin bai tafi ba, su biyun suna ƙirjina.

Aka rufe karɓa ba da ni ba. Shekarar nan a gida na yi ta, ina sa wa Baba maɓalli a riguna, kullum cikin fargabar kada su canja sharuɗɗa ko wa'adin jarrabawata ya ƙare. Ba su canja ba, kuma da shekara ta zagayo suka ɗauke ni. Ledar nan mai ɗauke da sunana tana cikin littafina har yau.

Madadin shahadar da muka nema tun bayan mako bakwai ya fito. Kafin ranar Baba ya ɗinka mata jaka da ragowar farin yadi, mai maɓalli ɗaya. Da muka je karɓa, ma'aikacin wurin ya miƙo ta wajen Baba, tunda shi ne babba. Baba ya mayar da hannayensa biyu baya, ya ja da baya taku ɗaya.

"Ke karɓi," ya ce.