Salansar Sagir Ta Tarwatsa Furfuri

Jama'a, yau akwalar ƙanena Sagir ta kusa sa a harbe mu.

Kun dai san tsohuwar motar tseren nan mai ƙofa biyu da ya kai aka ƙara wa ƙarfi, wadda ko burodi zai saya sai ya tashe ta. Wai da ita za mu je Furfuri gaida iyayen yarinyar da yake nema.

Kawu Bala ya dube ta ya ce, "Sagir, wannan ta shigar mutane ce?"

Ya ce, "Kawu, injin ne ba ka ji ba."

Haka muka naɗe Kawu a baya, gwiwa a haɓa, muka baro Gusau.

Muna shiga gari gogan ya ga jama'a a bakin hanya, sai ya taka mai don a san ya iso. Salansa ta saki ƙara, tau! tau! tau!

Nan take wuri ya watse, an ɗauka 'yan bindiga ne. Mata na jan yara, mai shayi ya bar tukunya a wuta. 'Yan sa-kai suka zagaye mu. Kawu na ta salati, ya kasa fitowa don kujerar gaba ta maƙale.

Muna cikin ba da haƙuri wani dattijo ya fito daga kwata, takalmi ɗaya, babbar riga duk caɓi. Ashe mahaifin yarinyar ne.

Ya dubi motar, ya dubi Sagir, ya ce, "Ku ne baƙin namu? To, mun gaisa. Ku juya."

Juyawar ma sai da muka tura.