Jar Mota Mai Ƙofa Biyu

Motoci biyu dillali ya nuna mini a Maraɗi, kuɗinsu kusan ɗaya. Ɗaya tsohuwar katkat ce fara mai tsayi, irin motocin nan masu ratsa rairayi, ta sha duniya amma injinta lafiya lau. Ɗayar ja ce wur, ƙofa biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, irin ƙananan motocin tseren nan da samari ke kallo a waya. Bakaniken da na zo da shi daga Tasawa ya duƙa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce, "Malam, wagga ta kwalta ce. Ina kwaltar take a garinku?"

Na ji shi sarai. Na san katkat ce za ta yi mini aiki. Amma da na taka jar ta yi gurnani, sai hankalina ya tafi ga ƙofar biro ɗinmu, wato ofis, da idanun abokan aiki. Son zuciya ɓacin zuciya, ita na ɗauka, kuma na sha kallo a Tasawa har kaina ya kumbura.

A wajenmu, duk wanda ya yi mota sai ya kai ta gida iyaye su sa albarka, kuma mahaifi ake fara ɗauka. Ƙauyenmu yana yankin Korgom. Labari ya riga ni isa, kuma ranar zuwana ta dace da rasuwar wani tsohon amini na Baba a ƙauyen da ke gaba da namu. Baba ya riga ya gaya wa dattijan unguwa kada kowa ya nemi amalanke, motar ɗansa za ta kai su gaisuwa.

Na yi ta kafewa a rairayi, sai da rana ta take na isa. Na tarar da Baba da dattijan zaune a tabarma, kowa ya ci babbar rigarsa. Sai a lokacin na tuna babu hanyar shiga baya sai an kifa kujerar gaba, mutum ya rarrafa.

Liman aka ba girma ya fara. Ya sunkuya, rigarsa ta maƙale, rawaninsa ya bugi rufin motar ya warware a ƙasa. Da ƙyar ya zauna, gwiwoyinsa a haɓa, fitowa kuwa sai da aka jawo shi ta hannu. Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya dubi abokansa ya ce, "Ku yi haƙuri, ni na yi saurin baki." Ya aika a ɗauro shanu.

Na matsa kusa da shi na ce, "Baba, ko kai kaɗai ka shiga gaba in kai ka."

"In bar su bisa amalanke in shige mota? Tare munka tashi da su."

Ya dafa motar ya sa albarka yadda aka saba, bai rage komai ba. Da na ce zan biyo su a baya, sai ya rage murya don kada sauran su ji.

"Kai dai zamna gida. Na hwaɗa ma mutanen can da mota za mu zo. Gara su ce ba ta iso ba."