Alkamar Gunvor da Aka Shuka da Kaka

Shekara arba'in da ɗaya Gunvor Halvarsson ta yi tana noman alkama iri guda a bayan gidanta, a wani ƙauyen Dalarna, yanki mai tsananin sanyi. Mijinta ya rasu ɗansu Sixten ko yaye bai kai ba, ita ta riƙe gonar. Alkamar doguwa ce mai jan zangarniya, ba ta cika rumbu, amma burodinta sai wanda ya ci. Ba a shuka ta sai ƙanƙara ta narke a watan Mayu, kwana ɗari ta nuna. Sanyin hunturu kuwa kashe ta yake yi. Kowace kaka Gunvor kan bi gona da almakashi tana zaɓen zangarniyar iri, domin babu inda ake sayar da shi.

Tana da shekara saba'in da uku, da kaka, ta zame a matakala, ƙugu ya karye, aka kwantar da ita asibiti wata biyu. Sixten ya baro ofishinsa na Stockholm ya zo tsaron gida. Da ya ga maƙwabta suna shuka tasu alkamar mai jure hunturu, sai ya ari tarakta, ya zube irin da ta adana, buhu shida, duka a ƙasa.

Sixten bai cancanci zagi ba, rashin sani ya fi dare duhu. Abin haushin shi ne mutanen ƙauyen. Gida tara suna kallo ta taga, kowa da kofin gahawa a hannu, kowa ya san abin da ake binnewa, amma aka rasa mai tsallaka titi. Wai su ba sa shiga sha'anin mutane.

Ranar da aka sallamo ta, Sixten ya ce, "Mama, na yi miki shuka, ki huta." Sai ta aika a kira maƙwabcinta Evert.

"Evert, taraktar wa yaron nan ya ara?"

"Tawa ce."

"Ka miƙa masa makulli, bakinka kuma ka sa a aljihu?"

"To, Gunvor, gonarku ce. Na ga bai dace in sa baki ba."

"Shekara nawa kana sa bakin nan a burodina? Nan kam ya dace."

Da Mayu ya kama, kwana uku ta yi tana dogara sanda tana bin gonar kunya-kunya. Ko tsiro ɗaya bai rayu ba. Evert ya aiko mata da buhun irin kamfani, mai kyau, mai tsada. Ta zuba wa kaji.