Darasin Taki da Ya Fita Daga Aji

Ni malamin aikin gona ne a wata sakandare a ƙasar Ajingi, kuma ina da zafin rai, wannan tun daga ɗalibai har shugaban makaranta kowa ya shaide ni da shi. Lokacin da aka rufe makarantu aka ce kowa ya zauna a gida, na buɗe wa 'yan ajin ƙarshe guruf a waya don kada kansu ya yi tsatsa kafin jarrabawa. Da aka koma aji ban rufe shi ba. Duk shekara sai in cire waɗanda suka gama, in zuba sababbi, mu ci gaba da karatu ranakun Asabar da Lahadi da lokacin hutu.

Da farko dogon rubutu nake tura musu, sai na lura ba mai karantawa. Na koma saƙon murya mai tsawo, suka cika ni da kukan data. Sai daga baya na gano abin da ya fi kama su. Zan yi magana gajeriya a kan abu ɗaya, in ce kowa ya fita gonar gidansu ko garkensu ya ɗauko hoto ko ɗan bidiyo, ya yi bayani da bakinsa. 'Yan uwansa su yi masa tambaya, su yi musu in sun ga dama, ni kuma sai a ƙarshe nake sa baki. Da haka yaran da ke barci a gaban allo suka koma suna gardama a kan tsutsar wake da wutawuta, har sai na ce ya isa.

Kaɗan ne daga cikinsu suke da wayar kansu. Yawanci ta yaya ce, ko ta kawu, ko ta baba, a ara wa yaro ya yi aikin Malam ya mayar. Saboda haka ajina ya fi yadda nake gani girma. Akwai 'yan acaɓa a ciki, da masu shago, da mai faci, duk suna kallo ba sa cewa komai. A lokacin har daɗi abin yake mini, ina cewa ilimi ne yake shiga gidaje kyauta.

A cikin ɗaliban wata shekara akwai wani ɗan Fulani, rugarsu tana bayan wani ƙauye tsakanin Gafasa da Toranke. A aji sai ka yi da gaske za ka ji muryarsa, amma da zarar ya riƙe waya a tsakiyar shanu sai ya zama wani mutum daban, magana tana zuba a natse. Likitan dabbobi yake so ya zama. Shi kaɗai ne a gidansu ya taɓa kaiwa ajin ƙarshe, kuma da ƙyar mahaifinsa ya bar shi, kullum yana cewa garke yana buƙatar hannu. Ni dai burina a kan yaron nan ɗaya ne, ya zauna jarrabawar fita kafin tsohon ya ce boko ya isa haka.

Abokin zamansa a benci ɗan manoman ƙauyen ne, yaro mai kai, mai tsokana. Shi yana ce masa ɗan daji, wancan yana ce masa kaɗo mai cin tuwon jiya, su yi ta dariya, biro ɗaya suke karɓa-karɓa. Da wayar yayansa yake shiga guruf.

Da kaka ta yi, aka yanke dawa, na ba su aiki a kan yadda ƙasa take dawo da ƙarfinta. Ɗan Fulanin ya turo bidiyon da har yau ban ga wanda ya kai shi ba. Wani dattijo a ƙauyen ya gayyaci mahaifinsa ya sauke shanu a gonarsa, kamar yadda suka saba tun kakanni, shanu su ci kara da ganye, su bar wa mai gona taki. Yaron ya nuna shanun suna kiwo, ya nuna kashin a ƙasa, ya faɗi sunan mai gonar da yadda ya zo har ruga ya kira su, sannan ya yi bayanin abin da takin zai yi wa gonar kafin damina. A bayan shanun, can ƙetaren iyaka, ana hango gonar wake kore shar wadda ba a riga an roro ba. Ta gidan su abokin nasa ce. Abokin ne ma ya fara amsawa, ya ce ɗan daji yau ka burge ni, ya kuma tambaye shi dalilin da ya sa busasshen taki ya fi ɗanye. Na yaba musu su biyun.

Washegari da hantsi ina tsakar gida ina wanke babur, sai ga hoto ya shigo mini ta wani guruf na 'yan gari. Ina buɗewa na gane shi. An tsayar da bidiyon yaron an ɗauki hoto daidai inda kawunan shanu suka rufe iyaka, waken yana bayansu, in ka duba sai ka rantse a cikinsa suke. Muryar yaron babu, bayaninsa babu. A maimakonsu an haɗa saƙon wani ƙato yana cewa ga shi an fara, Fulani sun saki shanu a wake, duk mai jini a jika ya fito. Muryar yayan abokin nasa ce, mai wayar.

Na kira ɗan Fulanin, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Na tura bidiyon gaba ɗaya cikin guruf ɗin 'yan garin, na yi magana da ƙarfi na ce aikin makaranta ne, ni na ba shi. Saƙon ya tsaya yana juyawa, sabis ya ƙi. Na bar bokitin a nan na hau babur ɗin da kumfa a jikinsa.

Tun kafin in isa na ji kukan shanu. Wanda bai taɓa jin saniyar da aka sara tana kuka ba, ina roƙa masa Allah kada ya ji. Garken ya watse cikin kara, wasu sun nufi daji da gudu. Wata farar karsana tana jan gindi a ƙasa, an datse mata jijiyoyin ƙafafun baya da adda, tana ƙoƙarin tashi tana faɗuwa, jini ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashinta. Wata kuma an farke mata ciki, tana tsaye tana rawar jiki, hanjinta yana reto. Mutum biyu sun danne tsohon, mahaifin yaron, rawaninsa ya warware, bakinsa ya fashe. Can gefe kuma mutane sun yi da'ira, gora tana tashi tana sauka, ana jin ƙararta a jikin mutum kamar ana bugun dawa.

Na jefar da babur na kutsa. Yaron yana kwance ya dunƙule, ya rufe kansa da hannu biyu, hannun daman ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Na ɗaga waya sama ina cewa ku tsaya ku kalla, ku saurari abin da ya ce, mai gona ne ya kira su. Ba wanda ya ko waiwayo. Wani ya kai wa hannuna duka, wayar ta yi tsalle ta faɗa cikin kara. Daga nan ban san lokacin da na shaƙo wuyan rigarsa ba, na kai masa naushi a hanci, na ji ya fashe a hannuna, kuma wallahi a lokacin daɗi na ji. Aka sauke mini gora a kafaɗa, aka ƙara mini wata a ƙeya, na durƙusa a kan yaron ina ganin duhu-duhu.

Da na ɗago kai sai na ga abokin nasa. Yana tsaye bayan yayansa, da sanda a hannu, idonsa ya yi ja.

Na ce, “Kai, faɗa musu. Ka ga bidiyon, kai ka fara amsa masa. Faɗa musu abin da ka ji.”

Ya dube ni, ya dubi yayansa. Yayan ya ce, “Malam, ka fita daga maganar nan, ba makaranta ba ce nan.” Ya juya kan ƙanen ya ce, “Waken gidanku ne ko na gidan Malam? Sa masa.”

Yaron ya matso. Ina kallonsa, yana kallona, ya ɗaga sandar ya sauke ta a haƙarƙarin wanda suke zama benci ɗaya. Dukan ba shi da ƙarfi kamar na sauran, amma shi kaɗai ne na ji ɗalibina ya yi ƙara a kansa.

Abin da ya cece mu zuwan mai unguwa ne tare da dattijon mai gonar, wanda ya tafi gaisuwar mutuwa garin Balan tun da asuba, labari ya riske shi a hanya ya juyo. Dattijon ya shigo yana haki, ya ce gonarsa ce, shi ya kira su, wa ya aiko ku? Mai unguwa ya sa aka bi iyakar waken nan daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ko sawun kofato ɗaya ba a samu a ciki ba, sai sawun mutanen da suka tattake shi da ƙafarsu garin zuwa duka. Nan take taron ya fara narkewa. Masu adda suka ɓoye ta a bayan riga, kowa ya zama ɗan kallo, wasu har suna salati suna tambayar wa ya yi wannan aika-aika. Na zage su, tsofaffi da yara, zagin da bai dace da malami ba. Aka yanka shanun da ba za su tashi ba kafin su mutu, mu kuma aka sa mu a mota zuwa asibiti a Gaya.

Ni ƙulu ne kawai da tsamin jiki. Yaron kuwa hannun dama ya karye, haƙarƙari ya tsage, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Aka yi zaman sulhu a gaban dagaci, aka yi ta ba da haƙuri, aka ce sharrin shaiɗan ne da sharrin waya. Wasu ma suka ce laifin malamin da ke sa yara ɗaukar hoto ne. Na ce musu bidiyon gaskiya ya faɗa daga farko har ƙarshe, mutum ne ya zauna ya yanke shi da hannunsa, yana sane da abin da ya yanke. Har yanzu ina nan a kan bakana, kuma har yanzu haka nake koyarwa, sai dai raina yana ɓaci duk lokacin da na tuna ƙato nawa ne ke laɓe a ajina.

Bayan an sallami yaron daga asibiti na ji cewa za su tashi, su bi 'yan uwansu gabas. Na hau babur na tafi rugar. Har an fara kwance bukkoki. Na sami tsohon zaune a kan buzu, yaron yana gefensa, hannu ɗaure a wuya. Muka gaisa, na yi masa jaje, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

Na ce, “Baffa, saura kaɗan ya yi jarrabawa. Ka bar mini shi a gidana, ya ci abin da 'ya'yana suke ci. Kafin lokacin hannun ya warke. In ma ba ka yarda ya zauna ba, duk inda kuka sauka zan ci gaba da tura masa karatu ta waya, ranar jarrabawa in zo in ɗauko shi da kaina.”

Tsohon ya dube ni. Ya ce, “Malam, ka tare masa duka da jikinka, na gani, Allah ya saka. Amma in tambaye ka. Wannan da ya sa masa sanda, yana cikin ajin naka?”

Na ce yana ciki.

“Ranar jarrabawar ma ɗaki ɗaya za su zauna?”

Na ce ɗaki ɗaya ne.

Ya gyaɗa kai ya ce, “To, ni ba zan hana ba. Da can ni nake hanawa, yanzu na bar masa. Ga shi nan, tambaye shi.”

Hankalina ya kwanta, don na ɗauka an gama, tsohon ne dama matsalata. Na juya wajen yaron ina murmushi, na fara lissafa masa darussan da suka wuce shi. Ya bari har na kai aya. Sannan ya zaro wayarsa daga aljihu da hannun hagu, gilashinta duk ya tsattsage, ya ajiye a kan buzun.

Ya ce, “Malam, kullum sai abokin nan nawa ya turo mini saƙo yana kuka, ban buɗe na jiya ba. In na ji muryar 'yan ajinmu a guruf, sai in riƙa tunanin wayar wa suke riƙe da ita, wa ke tsaye a bayansu. Ba zan iya ƙara yin magana a can ba, kuma ba zan iya zama a ɗakin ba.”

Na ce zan buɗe masa nasa shi kaɗai, ni da shi. Na ce ya tuna shanun da zai yi wa magani. Na yi faɗa, na yi lallashi. Bai yi mini musu ba ko sau ɗaya, ya dai sunkuyar da kai yana sauraro kamar yadda yake yi a aji.

Da na yi shiru ya ce, “Ka cire ni da kanka, Malam. Kai ka sa ni a guruf ɗin.”

Na fito da wayata, na nemo lambarsa a cikin jerin 'yan ajin. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Na ɗago na dube shi ko zai ce wani abu, ya kau da kai wajen ragowar shanun. Na danna.